Wane littafi zan sa wa yarona a jaka? Tafiya ce daga Kaduna zuwa Lakwaja

Baban Mujahid, Kaduna

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka saba karatu a kan hanya.

In Allah ya kai mu hutun nan, zan tafi da babban ɗana Lakwaja wajen yayana, wanda ya daɗe a can yana harkar busasshen kifi. Shekarar yaron 13, yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Niyyarmu mu hau jirgin ƙasa a Rigasa da safe, mu sauka Kubwa ko Idu, daga nan mu nemi mota ta bi da mu Gwagwalada, Abaji, Koton Ƙarfe, har Lakwaja. In an haɗa da jiran jirgi da jiran mota ta cika, wuni guda ne cur.

Ina so in sa masa littafin Hausa guda ɗaya a jakarsa. Yana karanta Hausa sarai, mahaifiyarsa ta tsaya a kan wannan tun yana firamare. Amma duk karatunsa na jarrabawa ne. Ban taɓa ganin ya ɗauki littafi don kansa ya kwanta da shi ba. In ya samu sarari, wayata yake nema ya kalli ƙwallo. Ban ce ƙwallo laifi ba ne, amma abin yana damuna, don na san abin da yake wuce shi.

Ni kaina ba a aji na kamu da son karatu ba, a jirgin Kano zuwa Nguru ne. Cikin shekarun 1980 ina makarantar kwana a Kano, iyayenmu kuma suna Nguru, mahaifinmu yana sayen kifi banda da fatu yana aikawa kudu. Duk hutu jirgin nan muke bi. Waɗanda suka san shi sun san ba jirgin gaggawa ba ne: ya tsaya Ringim, ya tsaya Gagarawa, ya tsaya Malam Madori, ko'ina sai an sauke kaya an ɗora wasu, mata su yo ca a tagogi da dafaffen ƙwai da rake da fura da nono. Wani hutu malaminmu na Hausa ya ba ni aron Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bangon littafin ya yage, wani ya ɗinke shi da baƙin zare, shafukan sun yi ja. Na samu wuri kusa da taga, na ɗora akwatina a cinya na mai da shi tebur.

Littafin ba shi da girma, amma har yau ban rabu da shi ba. Na fara shi muna fita Kano, lokacin da aka yi wa Makau, mijin uwar Umar, sharri a fada aka kore shi daga Kagara. Kafin mu kai Gagarawa an sace yaro Umar, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne uwar. Matar nan ta bar komai ta bi sawun ɗanta, ita ma aka yaudare ta aka sayar, ta ƙetare hamada tana baiwa, ba abin da ke bakinta sai ɗanta. Lokacin da na kai wajen da guguwar rairayi ta binne ayari, mun wuce Malam Madori mun doshi Birniwa, inda ƙasa ke komawa yashi, itatuwa su yi ƙaranci, sai ƙaya da aduwa da goruba jefi-jefi. Iskar hunturu tana watso ƙura ta taga, tana taruwa a tsakiyar littafin, ina hurewa ina ci gaba. Na ɗaga kai na ga raƙuma uku da kaya can nesa da layin dogo. Wallahi a ranar ban iya raba abin da ke cikin takarda da abin da ke waje ba.

Akwai wata tsohuwa a gefena da kwandon barkono. Ta ga ina share ido da hannun riga, ta ce, "Ɗan nan, rasuwa aka yi maka?" Na ce a'a Iya, labari ne. Ta ce to in gaya mata. Haka na zauna na ba ta labarin tun daga farko, ita kuma tana salati tana cewa Allah ya isar wa matar nan. Da muka sauka Nguru ta damƙa mini ƙullin gyaɗa.

Na sake karanta littafin a gida bayan na girma, na kuma fahimci abubuwan da ban fahimta ba a da, musamman yadda marubucin ya nuna bauta ba tare da ya ɓoye hannun namu mutanen a ciki ba. Amma irin kamun da ya yi mini a jirgi bai sake yi ba. Na yi ta tunanin dalili. A ganina, a gida mutum ba nasa ba ne: a aike ka, a kira ka, baƙo ya yi sallama. A hanya kuwa ba mai nemanka, ba inda za ka, ka riga ka sallama wa direba. Hankalinka kwance yake amma a farke. Duk abin da ka karanta a wannan hali sai ya manne da garuruwan da ka wuce.

To ga tambayoyina. Shaihu Umar bai yi wa ɗan shekara 13 na yanzu nauyi ba? Ina tsoron ya buɗe shafi biyu ya ajiye, daga nan kuma ya ƙi littafin Hausa gaba ɗaya. In ba shi ba, wanne? Sannan ku ma ina so in ji, wane littafi ne kuka karanta a hanya da har yau yake ranku? Na gode.

Maman Ihsan, Kano

Wa alaikumus salam. Baban Mujahid, Allah ya raya mana shi, ya kai ku lafiya.

Kafin maganar littafi, ka raba tafiyar nan biyu. A jirgi zai iya karatu yadda yake so. A mota kuwa ka bi a hankali, don yara da yawa da sun duƙar da kai kan takarda mota na gudu, sai jiri ya ɗebe su, zuciya ta tashi. In yaro ya yi amai a kan littafinsa na farko, ka san ba zai so ya sake ganinsa ba. Ni ma haka nake, ba na iya layi biyar mota na tafiya. Karatuna na hanya duk a tasha nake yin sa, lokacin da ake jiran mutum biyu mota ta cika, kuma kowa ya san mutum biyun nan na iya cin awa biyu.

Shawarata Magana Jari Ce, littafi na ɗaya. Dalilina, labarai ne gajeru a cikin babban labari. Yaro zai gama ɗaya kafin tasha ta gaba, ya ji ya cim ma wani abu, ya ɗaga kai ya kalli waje, ya sha ruwa, sannan son jin yadda aku zai sake hana Musa fita ya mai da shi ciki. Dabarar da akun nan ke yi wa ɗan sarki, ita ce littafin zai yi wa ɗanka. Kuma akwai dariya. Shaihu Umar ka ajiye masa sai dawowa ko wani hutun, in bakinsa ya riga ya saba.

Nawa littafin kuwa, na san wasu a nan za su taɓe baki, don littattafanmu na mata ne da ake kira na soyayya ko na kasuwar Kano. Alhaki Kuykuyo Ne, na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Ban daɗe da aure ba muka tafi biki Maiduguri, mu mata cike da bas, dangin miji da na amarya. Na karɓo shi haya wajen mai shagon littattafai na unguwarmu, irin shagunan nan da ake jera su a igiya da maƙalen shanya, ka biya kuɗin kwana ka dawo da shi. Da yake ba na iya karatu mota na tafiya, ƙanwar mijina ce ta karɓa tana karanta mana da ƙarfi tun daga Wudil.

Labarin Rabi ne, matar da mijinta ɗan kasuwa ya wulaƙanta, ya auro wata, ya kore ta da 'ya'ya tara, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Kafin mu kai Azare motar nan ta rabu biyu. Manyan mata suna cewa ai haƙuri shi ne aure, mu yara muna cewa wannan ba haƙuri ba ne, zalunci ne. Wata gwaggon mijina, wadda tun da muka taso ba ta ce uffan ba, sai a Potiskum da muka tsaya salla ta kama hannuna wajen alwala ta ce, "'Yar nan, matar da ke cikin takardar nan ni ce, sai dai nawa bakwai ne." Na zauna da matar nan a dangi ban taɓa sanin abin da ta gani a gidan mijinta na fari ba. Daga Potiskum zuwa Damaturu ita ta karɓi zancen, littafin aka rufe, aka saurare ta.

Shi ya sa ba na yarda a raina littattafan nan. Akwai na banza a cikinsu, ban musa ba, kamar yadda akwai a kowane irin rubutu. Amma mata da yawa da aka cire daga makaranta aka yi musu aure, da su suka riƙe karatunsu bai zube ba. Ita marubuciyar ma an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta nemi ilminta. Kuma wannan littafin nata an fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012.

Wani abu kuma, ka bar shi ya riƙe littafin a hannunsa tun daga gida, kada ka ɓoye sai an shiga jirgi ka fito da shi kamar magani. Ka rubuta sunansa a ciki da ranar tafiyar.

Alhaji Mai Goro, Agege

Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa, don ido ya yi rauni.

Ɗana Baban Mujahid, ka tuna mini da zamani. Ni jirgin Kano zuwa Ikko na sani, shi na bi shekara da shekaru ina fataucin goro. Mu sayo a Shagamu da kewaye, a ɗaure huhu da ganye, a ɗora a jirgi zuwa Kano. Tafiyar fasinja kwana ake yi a hanya, wani lokaci har a shiga na biyu. Daga Kano sai Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, a ƙetare Kwara a gadar Jebba, sannan Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta, a sauka Iddo. Layin nan ya iso Kano tun 1911, shekarar da aka haifi Abubakar Imam, wanda 'yata ta Kano ta ambaci littafinsa.

Abin da nake so ka sani, a zamaninmu ba a karatu a jirgi shiru. A tarago guda mai yiwuwa mutum uku ko huɗu ne suka iya boko. Wanda ya iya, ya zama na kowa. Ni na yi elemantare kafin mahaifina ya cire ni ya sa ni kasuwa, saboda haka aikin yakan faɗo kaina. In an tsaya Zariya sai a sayi Gaskiya Ta Fi Kwabo, don a garin ake buga ta, a miƙo mini a ce, "Malam, me duniya ke ciki?" In karanta labarin gwamnati, in karanta wasiƙun masu karatu, a yi ta gardama har Kaduna. Jaridar nan a 1939 ta fara fitowa, Imam ne editanta na farko.

Da dare kuwa, in an ci abinci an yi shafa'i da wuturi a zaune, sai a ce a fito da Ruwan Bagaja. Kullum yana cikin aljihun 'yar-cikina. Fitilar tarago ba ta da ƙarfi, wani ya haska mini tocila. Duk inda Alhaji Imam ya haɗu da Malam Zurƙe, wannan ya kitsa wa wannan, wannan ya rama, sai tarago ya kaure da dariya. Na ga dattijo mai furfura yana dariya har rawaninsa ya kwance. Akwai Yarabawa da Nupawa da ke jin Hausa, su ma su matso. Wani mahauci ɗan Gusau da muka sha haɗuwa, bai iya karanta ko harafi ba, amma ya haddace littafin nan ta kunne. In na yi tsallake don gajiya sai ya ce, "A'a Malam, ka bar wani wuri."

Sai dai akwai inda ake rufe littafi ko ana tsakiyar labari. In an doshi Jebba, kowa ya tashi ya nufi taga. Jirgi ya rage gudu, ƙarar ƙarfe ta sauya, ruwa ya bayyana ƙasa faɗi guda, ga dutsen nan tsaye a tsakiyar kogi. Masu addu'a na yi, yara na ƙirga kwale-kwale. Ba wanda zai ce a ci gaba da karatu sai an haye.

To shawarata biyu ce. Ta farko, kada ka miƙa wa yaro littafi kai kuma ka koma latsa waya. Ka zauna kusa da shi, ka karanta masa shafin farko da bakinka, ƙasa-ƙasa yadda ba za ku dami mutane ba, ka sauya murya inda sarki ke magana da inda aku ke magana. In ka kai inda daɗi ya fara, ka ce makogwaronka ya bushe, ya karɓa ya karanta maka. Littattafan nan na farko, na gasar da aka yi a Zariya a 1933 aka buga su a 1934, da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar ɗinka, mutanen da suka tashi da tatsuniya da hira a dandali ne suka rubuta su. Da kunne aka gina su. Wanda ya karanta su da ido kawai ya sami rabi.

Ta biyu, in kun kai gadar Jamata kafin Lakwaja, ko yana barci ka tashe shi ya ga Kwara. In kun isa kuma yayanka ya hau da shi Dutsen Patti, ya ga inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Yaron da ya tashi a Kaduna yana ganin ya san kogi, sai ya je can.

Kai kuma don kanka, ka nemi Tafiya Mabuɗin Ilmi. Imam ya rubuta shi kan tafiyar da suka yi Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, shi da wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma, har da Azikiwe. Ta teku suka bi. Ka ga yadda Bahaushe ke kallon ƙasar wasu da idonsa, yana auna komai da abin da ya baro a gida. Littafin matafiyi ne, a hanya ya kamata a karanta shi.

Allah ya kiyaye hanya, ya yi wa yaro albarka.

Ɗan Damagaram

Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina gaida Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu nan ba mu san daɗin jirgin ƙasa ba, kar muke shiga, wato babbar bas. Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne. A tashi tun kafin asuba, a bi Tasawa, Maraɗi, Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, a shiga Yamai da dare in an yi sa'a. Ina yin wannan hanya saboda kasuwanci, kuma na jarraba karatu iri-iri a cikinta.

Abin da Maman Ihsan ta faɗa na jiri gaskiya ne, ga kuma inda hanya ta lalace, layi ya riƙa tsalle a idonka. Maganin da na samu shi ne waƙa. Ina nufin rubutacciya. Ina tafiya da Infiraji na Malam Aliyu Namangi na Zariya, bugun ajami, wanda na saya a Kasuwar Kurmi a Kano. Amfanin waƙa a mota, ba sai ka ƙura wa takarda ido ba. Ka dubi baiti ɗaya, ka ɗaga kai, ka yi ta maimaita shi a ranka ko ka rera a hankali kana kallon gonakin hatsi, sai ya zauna sannan ka sake dubawa. Kafin Ƙonni ka haddace abin da a gida ba za ka samu natsuwar haddacewa ba. Kuma in ka tuna mai waƙar makaho ne, da ka ya tsara ta wasu suka rubuta, sai ka ga ai dama don a riƙe ta a ka aka yi ta.

Wata tafiya cikin azumi, zafi ya kai inda ya kai, bayan la'asar kowa ya yi laushi, ba mai magana. Ina rerawa can ƙasa ban san ana ji ba. Sai wani tsoho a bayana ya karɓi baitin da ke biye, da ka, ba takarda. Daga nan wata mata ta gaba ta sa baki. Muka yi ta yi har aka ga rana ta faɗi, direba ya tsaya a wani ƙauye kafin Doso, aka sha ruwa da dabino da kunun da mutanen garin suka kawo sadaka. Ban san sunan tsohon ba, a Doso ya sauka.

Ga yaronka Malam, ban ce ka ba shi Infiraji yanzu ba, wa'azinta na manya ne. Amma don ɓangaren mota, ka sa ya rufe littafi ya ba ka labarin da ya karanta a jirgi da bakinsa. In ya manta wani wuri kada ka gyara masa nan da nan, ka bari ya ƙago. Ni a lakol, wato makarantar boko, da Faransanci aka koya mini karatu, Hausar boko da kaina na koye ta daga littattafan da 'yan kasuwa ke shigo da su daga Kano ta hanyar Daura, kuma ta wannan hanyar na koya, in karanta in je in ba ƙannena labari. Ku da kuke da su a bakin ƙofa, ku riƙe su da kyau.

Abba, Kubwa

Kawu Baban Mujahid, ina wuni. Ina gaida iyayena da suka yi magana. Ni ƙarami ne a nan, amma jirgin da za ku hau shi nake bi kusan duk ƙarshen mako, aiki a Abuja, gida a Kaduna, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Tafiyar ba ta da tsawo irin ta da, awa biyu da wani abu ce tsakanin Rigasa da Kubwa. Taragon a rufe yake da na'urar sanyi, ba ƙura, ba mai miƙo ƙwai ta taga. Girgiza kaɗan ce, karatu na yiwuwa sosai. Ku sayi tikiti da wuri ta intanet don ku samu kujeru a jere, ka bar masa ta taga. Sabis na waya yana ɗaukewa a wurare da dama a tsakiya, kuma wannan zai taimake ka, don ƙwallon ma ba za ta buɗe ba.

Ina da ɗan ja a kan maganar waya, Kawu, ka yi haƙuri. Yawancin sa'o'ina da ke karanta Hausa yau a waya suke karantawa. Marubuta mata da yawa a WhatsApp da Wattpad suke sakin labari shafi-shafi, wasu kuma a YouTube ake karanta littafi mutum ya sa abin kunne ya saurara. A jirgin nan na sha ganin mata sun duƙufa kan waya, ka zaci hira suke, ashe labari ne. Don haka in yaro ya dawo ya ce yana son ci gaba a waya, kada a hana shi, a dai duba abin da yake karantawa, don akwai waɗanda ba na yara ba ne ko kusa. Amma na yarda na farkon ya zama na takarda. Takarda ba ta kawo saƙo a tsakiyar labari.

Ni zaɓina ga namiji ɗan 13 shi ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Yaro ne da aka haifa ba ya iya tafiya, ya daɗe a zaune, sannan ya samu lafiya da ƙarfi na ban mamaki, ya hau dokinsa Ƙwalele ya tafi birnin Kib wajen Sarki Waldima. Yaƙi ne da jarumta daga farko har ƙarshe, kuma siriri ne, zai iya cinye shi kafin ku sauka. Asalin labarin na mutanen Rasha ne aka mai da shi Hausa, Kib ɗin nan ita ce Kiev ta ƙasar Yukren da ake ji a labarai. In ka gaya masa haka bayan ya gama, zai yi mamaki.

Ni na karanta shi a jirgin nan ne bayan an dawo da zirga-zirga a ƙarshen 2022. Kowa ya san abin da ya faru ranar 28 ga Maris na shekarar, harin da aka kai wa jirgin da dare, aka kashe mutane aka tafi da wasu daji, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tafiyata ta farko bayan nan, da muka doshi wajen Rijana da Katari tarago ya yi tsit, kowa na kallon daji yana motsa baki. Hannuna rawa yake. Littafin ƙanena ne da na tsinta a jaka, na buɗe don kawai in samu inda zan ajiye idona. Na yi addu'ata, na shiga karatu, ban ɗago ba sai da na ji ana sanar da Rigasa. Tun daga nan ba na hawa ba littafi. Ku dai ɗauki jirgin safe, ku kuma yi ƙoƙari motar Lakwaja ta tashi da rana tsaka don ku isa da haske.

Baban Mujahid, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, na karɓi maganarka, ni zan fara karanta masa, wayar kuma ta zauna a aljihu. Na nuna wa mahaifiyarsa amsoshin nan, ta goyi bayan Maman Ihsan, don haka Magana Jari Ce na ɗaya za mu tafi da shi. Iliya kuma zan saya in ba yayana ya ajiye, ya ba shi ranar da za mu juyo, ya zama kyautar kawunsa. Abba, ban ƙi maganarka ta waya ba, za mu zauna da kai a kanta in mun dawo.

Saura abu ɗaya. Na leƙa wani shago a kasuwa jiya, kwafin da na gani bugun jabu ne, rubutun ya dusashe, hotunan sun zama baƙi ƙirin, har da shafukan da aka juya. Ba na so in ba yaro irin wannan. Wanda ya san inda ake samun bugu mai kyau na kamfanin buga littattafai na NNPC, a Kaduna ko Zariya, ya taimaka ya faɗa mini kafin ranar Alhamis, don ina da shiga Zariya ranar.